Darasi na Tara: Yadda Ake Jinya Ba Tare da An Ƙara wa Mara Lafiya Ciwo Ba

A nan Jos, a Kwararafa da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, irin su Gangare da Dilimi, da wuya ka sami gidan da ba a taɓa ɗaukar tabarma da buta da kular abinci an tafi asibiti zaman jinya ba. A asibitocinmu ɗan'uwa ne ke kwana a gindin gado. Shi ke ba da abinci, shi ke kai fo bayan gida, shi ke zuwa kantin magani da takardar likita, shi ne kuma ke fara ganin jiki ya rikice da tsakar dare, lokacin da nas ɗaya ke riƙe da ɗaki guda. Don haka wannan darasi na mutum biyu ne: mai son shiga aikin asibiti, ko a matsayin mataimaki ko da niyyar neman makarantar koyon jinya irin ta Vom, da kuma mai zaman jinyar nasa. Idan mun ce nas, muna nufin wanda ya yi karatun aka ba shi lasisi, mace ko namiji. Idan mun ce mai jinya, muna nufin duk wanda hannunsa ke taɓa mara lafiya.

Mutum na iya shiga asibiti da ciwo ɗaya ya fito da biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin marasa lafiya 10, ɗaya na cutuwa daga kulawar da ake ba shi: ko a ba shi maganin wani, ko ya ɗauki ƙwayar cuta a gado, ko ya faɗo, ko a makara wajen gane cewa jikinsa ya tsananta. Fiye da rabin wannan ana iya hana shi, kuma yawancin rigakafin da sabulu da agogo da biro ake yin sa.

Abin da ya faru a garin nan a 1969

A watan Janairun 1969 wata nas 'yar Amurka, Laura Wine, da ke aiki a asibitin mishan na garin Lassa a kudancin Borno, ta kwanta da zazzaɓi da ciwon baya da miki a maƙogwaro. Aka yi magani, jiki sai ƙara tsananta yake yi. Aka ɗauko ta a ƙaramin jirgin sama zuwa asibitin mishan na SIM da ke nan Jos, ba ta jima da isowa ba rai ya yi halinsa. Cikin waɗanda suka yi jinyarta akwai wata nas mai suna Charlotte Shaw. Ta naɗa ƙyallen bandeji a yatsa ta goge wa mara lafiyar baki, aikin da nas ke yi kullum. Ashe a wannan yatsan akwai ɗan yanka da ta samu wajen tsinkar fure a lambu. Bayan kamar mako guda ita ma ta kwanta, a watan Fabrairu ta rasu. Ta uku ita ce Lily Pinneo, wadda ta yi jinyar su biyun. Ita an kai ta birnin New York, ta sha jinyar makonni, Allah ya yi da sauran kwananta ta tashi. Daga jinin waɗannan mata ne masana a Jami'ar Yale suka gano ƙwayar cutar da ba a san ta ba a da, aka sa mata sunan garin Lassa.

Shekara na zagayowa, a farkon 1970, cutar ta sake ɓulla a asibitin Evangel, wanda muka fi sani da Jankwano, yanzu kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham. Daga mace ɗaya da aka kwantar ta bazu zuwa ga wasu marasa lafiya da ma'aikata da masu zuwa dubiya. Likita Jeanette Troup, wadda ta duba nas-nas ɗin farko, ta yanke a yatsa tana binciken gawar ɗaya daga cikin mamatan. Ita ma a Fabrairun 1970 ta rasu.

Waɗannan mutane ƙwararru ne, kuma ba a san su da sakaci ba. Cutar ce babu wanda ya san ta a lokacin. Mu yau ba mu da wannan uzuri. Ƙa'idar da ake koya wa kowace nas ita ce: jinin mara lafiya, da amansa, da fitsarinsa, da bayan gidansa, da majinarsa, da ruwan mikinsa, duk a ɗauke su kamar suna ɗauke da cuta, ko da gwaji bai nuna komai ba, ko da kuwa mahaifiyarka ce a kwance. Idan kana da yanka ko ƙurji a hannu, komai ƙanƙantarsa, ka rufe shi da filasta kafin ka kama aiki, ka sa safar hannu kafin ka taɓa kowane ruwan jiki.

Zazzaɓin Lassa bai tafi ko'ina ba. Duk shekara yana dawowa, musamman daga Disamba zuwa Afrilu, kuma jihar Filato na cikin jihohin da ake samun sa. Wani ɓera mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da shi, yana barin fitsari da kashi a kan abincin da aka bari a buɗe ko hatsin da aka shanya a bakin hanya. Wahalarsa ita ce da farko ba ka raba shi da zazzaɓin cizon sauro ko taifot. Saboda haka zazzaɓin da ya kai kwana uku an sha maganin sauro bai sauka ba, ga ciwon maƙogwaro ko amai ko kasala mai tsanani, a daina zarya kemis, a tafi asibiti. Kada a jira sai an ga jini ta hanci ko dasashi, don a lokacin an makara. Maganin da ake bayarwa, ribabirin, ya fi aiki a kwana shida na farko. Lambar Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa ita ce 6232, kuma kiran kyauta ne. Wanda ya rasu ana zargin wannan cuta, ba a yi masa wankan gawa yadda aka saba sai da ma'aikatan lafiya da kayan kariya, domin gawar na yaɗa cutar. Abu ne mai nauyi a zuciya, amma a binne mutum ɗaya a gida ya fi a binne uku.

Hannu

A 1847, a wani asibitin haihuwa a birnin Biyana, wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya lura cewa mata na mutuwa da zazzaɓin jego a ɗakin da likitoci ke shiga kai tsaye daga ɗakin gawa. Ya tilasta wa kowa wanke hannu da ruwan kulorin. Cikin 'yan watanni mace-macen suka sauko daga kusan 18 cikin 100 zuwa kimanin 2. Abokan aikinsa da yawa sun ƙi yarda, don suna ganin cin fuska ne a ce hannun likita na da datti. Har yau wannan girman kan bai ƙare ba. A ƙasashe irin namu, cikin mutum 100 da aka kwantar a asibiti, kimanin 15 na ɗaukar wata cutar a can, alhali a ƙasashe masu arziki 7 ne.

Lokutan wankin hannu biyar ne, kuma ya kamata a haddace su: kafin ka taɓa mara lafiya, kafin ka yi aikin da ke bukatar tsafta, kamar wankin miki ko taɓa wurin ƙarin ruwa, bayan ka taɓa ruwan jiki, bayan ka gama da mara lafiyar, da kuma bayan ka taɓa kayan da ke kewaye da shi, wato gado da zani da kofi, ko da shi kansa ba ka taɓa shi ba. Na ƙarshen nan shi aka fi mantawa. Da sabulu, wankin na ɗaukar daƙiƙa 40 zuwa 60: tafi, bayan hannu, tsakanin yatsu, babban yatsa, ƙarƙashin farce. Da man goge hannu mai sifirit, daƙiƙa 20 zuwa 30, amma idan ana ganin datti ko jini a hannun, sai sabulu da ruwa.

Mun san halin famfo a unguwanninmu, wani lokaci sai an tsayar da ɗan ga-ruwa. Rashin famfo bai hana wanki ba: wani ya riƙe buta yana zuba maka, ruwan na sauka a bokiti. Abin da ba a yi shi ne mutum biyar su tsoma hannu a kwano ɗaya. Wani zai ce ai yanzu ya yi alwala. Alwala tsarki ce ta ibada, tana da matsayinta, amma babu sabulu a cikinta, don haka ba ta ɗauke wannan wankin ba.

Safar hannu ma tana yaudarar mutane. Za ka ga ma'aikaci ya sa ta tun safe, da ita ya taɓa gado na ɗaya, da ita ya amsa waya, da ita ya riƙe biro, da ita ya wuce gado na biyu. Kansa kaɗai ya kare, sauran kuwa raba musu cuta yake yi. Safa ɗaya ta mutum ɗaya ce da aiki ɗaya, kuma idan an cire ta a wanke hannu.

Allura da sirinji sau ɗaya ake amfani da su. Bayan an yi allura ba a mayar mata da murfi, don a nan ne ma'aikata da yawa ke soke kansu. Kai tsaye a jefa ta cikin kwalin da aka tanada, idan ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe shi. Idan tsautsayi ya sa allurar da aka yi wa wani ta soke ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu, kada ka tsotse, kada ka matse, sannan ka faɗa wa shugaban ɗaki nan take. Akwai maganin kariya daga ƙanjamau da ake sha na kwana 28, amma dole a fara shi cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Mutane sun fi tsoron ƙanjamau, alhali ciwon hanta nau'in B ya fi saurin kamawa nesa ba kusa ba: ta sukar allura ƙanjamau na kama kimanin mutum 3 cikin 1,000, shi kuwa yana iya kaiwa 30 cikin 100. Yana da allurar rigakafi sau uku. Duk mai shirin aikin asibiti ya yi ta kafin ya fara.

Ido da agogo

Likita na zagayawa sau ɗaya ko biyu a rana, ya tsaya 'yan mintuna a kowane gado. Sauran awannin duka a hannun mai jinya suke. Abin da ya gani ya faɗa, da shi likita zai yi aiki.

Awo huɗu ne tushe. Zafin jikin mai lafiya na tsakanin digiri 36.5 da 37.5; idan ya kai 38 zazzaɓi ne. Bugun jijiya na babban mutum a zaune 60 ne zuwa 100 a minti. Ana jin sa a wuyan hannu, ta gefen babban yatsa, da yatsu biyu ko uku. Ba a sa babban yatsa don shi ma yana da nasa bugun. Numfashi 12 ne zuwa 20 a minti. Hawan jini kuwa ana son sa kusa da 120 bisa 80, idan yana ta maimaita 140 bisa 90 ko sama akwai matsala. Ga mai ciki, wannan lamba tare da ciwon kai da dishi-dishin gani da kumburin fuska alamar jijjiga ce na tafe, ba a kwana da ita a gida.

Cikin huɗun nan numfashi ne aka fi rainawa, shi ne kuma yakan riga saura nuna cewa jiki zai rikice. Ga yadda ake ƙirga shi: bayan ka gama jin bugun jijiya, kada ka saki hannun. Ka ci gaba da riƙe shi kamar ba ka gama ba, idonka na kan ƙirji, kana ƙirga ɗagawarsa har minti ɗaya cur. Idan ka gaya masa numfashinsa kake ƙirgawa, zai canza shi ba da saninsa ba. Yara sun fi manya saurin numfashi, don haka lambarsu daban ce. Jaririn da bai kai wata biyu ba, 60 ko sama ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Yaro mai tari da ya kai waɗannan lambobi, ko ƙasan ƙirjinsa na shiga ciki idan ya ja numfashi, ciwon huhu ake zargi, kuma a hunturun Jos wannan ba baƙon abu ba ne.

Ga macen da ta haihu ko wanda aka yi wa tiyata, bugun jijiya na tashi kafin hawan jini ya faɗi. Idan ka ji bugun na sauri amma ba ƙarfi, ga gumi mai sanyi, ga ƙishirwa, ga rashin natsuwa, a duba ko jini na zuba, a kira nas da gudu. Ƙarancin jini ana ganin sa a tafin hannu, idan kuma akwai lalle sai a ja fatar ido ta ƙasa a duba, a duba harshe.

Sai fitsari, wanda kunya ke hana mu maganarsa. Tsakanin Yuni da Satumba na 1990 yara 47 suka mutu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos bayan sun sha ruwan farasitamol da aka haɗa da dayetilin gilaikol, wani sinadarin masana'antu irin wanda ake sa wa man birki. Iyaye sun ba 'ya'yansu ne don zazzaɓi, ba su san guba ba ce. Sinadarin ƙoda yake kashewa, kuma babbar alamar da yaran suka zo da ita ita ce ɗaukewar fitsari. A 1993 aka kafa hukumar NAFDAC, amma a 2008 irin wannan guba ta sake kashe yara sama da 80 ta hanyar maganin haƙori mai suna My Pikin. Uwar da ke canza wa yaro famfas ita ce ke fara sanin fitsari ya ragu, kafin kowane gwaji. Babban mutum kuma idan fitsarinsa na yini da kwana bai cika ledar fiya-wata ɗaya ba, wannan labari ne da dole likita ya ji a ranar.

A nan al'adarmu ta gaisuwa ke kawo cikas. Nas ta iso bakin gado ta ce, "Sannu Baba, ya jiki?" Baba ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ɗiyarsa ma ta ce da sauƙi. Nas ta wuce. Alhali tun la'asar bai yi fitsari ba, kuma ya yi amai sau biyu. Amsar gaisuwa daidai ce, babu mai cewa a bar godiya ga Allah, amma bayan ta sai a kawo bayani: "Sista, tun la'asar Baba bai yi fitsari ba. Ya yi amai sau biyu, na biyun da ɗan jini. Na ƙirga numfashinsa da ƙarfe tara, 28 ne." Wannan magana ta rabin minti na iya sa a taso likita cikin dare. Ita ma nas ta koyi tambaya: kada ta tsaya a "ya jiki", ta ce, "Baba, yaushe rabonka da fitsari? Me ka ci yau? Nuna mini inda ke maka ciwo." Idan surukai ko 'ya'ya na wurin kuma maganar ta ƙasan cibiya ce, ta sallame su tukuna. Haka nan jiƙo ko tsimi ko wani garin magani da aka sha a gida, a faɗa. Ana ɓoyewa don tsoron faɗa, kuma laifin na masu faɗan ne, amma likitan da bai san abin da ke cikin mutum ba yana iya ɗora masa maganin da zai ƙarasa hanta ko ƙoda.

Duk abin da aka auna a rubuta, da lokacinsa, da sa hannu. Akwai mummunar ɗabi'a ta cike takardar awo da lambobi masu kyau ba tare da an auna ba, don kada a ga gurbi. Gurbi ya fi ƙarya alheri, domin mai karɓar aiki idan ya ga gurbi zai auna, idan ya ga 120 bisa 80 zai wuce.

Magani

Kafin a ba da kowane magani ana tabbatar da abu biyar: mutumin ne, maganin ne, adadin ne, ta hanyar da aka rubuta ne, lokacin ne. Na farkon ya fi haɗari a wurinmu fiye da yadda ake zato, don a ɗaki ɗaya ana iya samun mata uku masu suna iri ɗaya da sunan uba iri ɗaya. Kada a kira suna a jira a ji "na'am", mai jin jiki kowane suna amsawa yake yi. A tambaye shi ya faɗi sunansa da bakinsa, a gwada da lambar kati. A tambaya ko wani magani ya taɓa sa masa ƙaiƙayi ko kumburi ko sarƙewar numfashi. A duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC. Maganin yara da nauyinsu ake auna shi, ba a raba ƙwayar babba biyu a ce ta yaro ce. Rubutun likita idan bai karantu ba, a koma a tambaye shi, ko da zai ɓata rai.

Akwai ɓarnar da tausayi ke jawowa, kuma masu zaman jinya ne suka fi yin ta. Ƙarin ruwa na ɗiga a hankali, sai wani ya murɗa maɓallin don ya ƙare da wuri a tafi gida. Ga mai ciwon zuciya ko ƙoda ko ƙaramin yaro, ruwan na iya taruwa a huhu ya kashe shi. An ce kada a ci komai kafin tiyata, sai a ɓoye a ba shi kunu don kada yunwa ta galabaitar da shi, alhali idan an sa shi barci kunun na iya dawowa ya shiga huhu. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa ko rubutu ko madara, a kwantar da shi ta gefe. Yaro mai jijjiga ba a cusa masa cokali a baki, ba a ɗura masa manja, ba a kara ƙafarsa a wuta. A kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai buge shi, a duba agogo, a nufi asibiti.

Wanda ba ya iya juyawa da kansa a juya shi duk bayan awa biyu, a duba ƙugu da duwawu da dunduniya. Jan da bai gushe ba bayan an ɗaga shi, farkon gyambon kwanciya ne. Zani ya kasance busasshe, babu tattara.

Amana da iyaka

Farar riga ba ta mayar da mutum nas. A Najeriya Majalisar Kula da Aikin Jinya da Unguwarzoma, wadda aka kafa a 1979, ita ke yi wa nas rajista bayan karatu da jarrabawa, kuma duk shekara uku ake sabunta lasisi. Wanda ya koyi allura a bayan kantar kemis ko a wani ƙaramin asibiti, komai daɗewarsa, doka ba ta san shi a matsayin nas ba. Wannan darasin ma bai ba kowa izinin yin allura ko sa ƙarin ruwa ko rubuta magani ba. Allurar ɗuwawu da ake ganin wasa ce, idan ta kauce daga kusurwar sama ta waje ta taɓa babbar jijiyar ƙafa, yaro na iya rayuwa yana jan ƙafa. Cewa "wannan ya fi ƙarfina, mu tafi asibiti" yana cikin aikin, kuma wanda bai iya faɗar haka ba bai kamata a ba shi amanar mara lafiya ba. Idan kuma kuskure ya auku, a faɗa nan take. Maganin da aka ba wanda ba shi ba sau da yawa ana iya tare illarsa a awa ta farko, ɓoyewa ce ke mayar da shi ajali.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikaci ko asibiti ƙin duba wanda ke cikin halin gaggawa bisa kowane dalili. Dokar 2017 kuma ta ce wanda aka harba a fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, a sanar da su daga baya. Mutanen Jos, da suka ga rikicin 2001 da 2008 da 2010, sun san ma'anar wannan. A bakin gado ba a tambayar addini ko ƙabila ko unguwa, kuma da yawa daga cikinmu hannun wanda ba addininmu ɗaya ba ne ya karɓi haihuwarmu.

Dokar 2014 ɗin ta kuma wajabta riƙe sirri. A unguwa irin Kwararafa, inda kowa ya san kowa, kalma ɗaya a gidan suna ta isa ta kashe aure ko ta hana yarinya miji. Ba a ba da labarin ciwon mutum ga maƙwabci, ba a ɗaukar hotonsa a tura WhatsApp ko Facebook, ko da da sunan neman addu'a ne, sai da yardarsa. Kafin a taɓa mutum a gaya masa abin da za a yi, da harshen da yake ji, a rufe masa jiki, a nemi amincewarsa. Mace baliga mai hankalinta ita ke da ikon amincewa da aikin da za a yi mata. Tun ana zuwa awo ya kamata miji da mata su gama magana a kan tiyata da ƙarin jini, kada a zo tana zubar da jini ana ta kiran wayar maigida ba ta shiga.

Wani lokaci amanar ta wuce mutum ɗaya. A watan Yulin 2014 Patrick Sawyer ya shigo Legas daga Laberiya da cutar Ebola. Likita Ameyo Adadevoh ta ƙi sallamarsa daga asibiti duk da matsin lambar da aka yi mata. Ita da wata nas, Justina Ejelonu, suna cikin mutum 8 da suka rasu, amma cutar ta tsaya a mutum 20, kuma ranar 20 ga Oktoba aka bayyana Najeriya ta rabu da ita.

Gaskiya ne nas-nas sun yi kaɗan, dubbai sun tafi Ingila da Amurka da Saudiyya, waɗanda suka rage aiki ya yi musu yawa. Wannan bai halatta tsawa ga mace mai naƙuda ba, don wadda aka wulaƙanta sau ɗaya haihuwa ta gaba a gida za ta yi ta. Bai kuma halatta wa dangi zagin nas ko dukanta ba. Mu ma da namu laifin: muna son mace ce za ta duba matanmu, amma idan 'yarmu ta ce za ta karanci jinya sai mu ce aikin dare bai dace da ita ba. Alhali sahabiya Rufaida al-Aslamiyya a tantinta kusa da masallacin Madina take jinyar masu rauni, kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan kibiya ta same shi a yaƙin Khandaƙ.

Aikin gida

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowane ɗalibi ya ƙirga bugun jijiya da numfashin mutum uku a gidansu, ɗaya ya kasance yaro ɗan ƙasa da shekara biyar. Ya rubuta shekarun kowa, da lambar da ya samu, da lokacin da ya auna, ba tare da suna ba. Ya kuma shirya yadda zai ba nas bayani cikin jimla uku a kan tsohuwar da ta kwana tana amai da gudawa. Wanda ba shi da agogo ya yi amfani da na wayarsa. Kada kowa ya rubuta lambar da bai ƙirga ba, don a aji kowa zai kama hannun na kusa da shi mu ga yadda ya yi.